Rufaida Al-Aslamiyya: Sahabiyar da ta yi jinyar Sa'ad ɗan Mu'azu

Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, sahabiya ce daga ƙabilar Aslam, wadda ake ɗauka a matsayin ma'aikaciyar jinya ta farko a tarihin Musulunci. Tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, inda take yi wa masu rauni magani, tana kuma ɗawainiya da marasa lafiyar da ba su da kowa, ba ta neman sakamako sai a wurin Allah.

A Yaƙin Khandak, shekara ta 5 bayan Hijira, kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, a jijiyar hannu. Annabi (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Raunin bai warke ba. Bayan kusan wata guda ya sake fashewa, Sa'ad ya riga mu gidan gaskiya.

Majinyacin bai tashi ba, amma marubuta sira, ciki har da Ibn Ishaƙ, sun adana sunan mai jinyarsa.

A yau kula da wanda ciwonsa ya gagari magani fanni ne da ake koyarwa: rage masa raɗaɗi, tsaftace shi, da kwantar wa iyalinsa hankali. Ma'aikatan jinyar da ke wannan hidima a garuruwan Bagudo irin su Illo, Ka'oje da Lolo, daf da iyakar Benin, magadan Rufaida ne. Sun cancanci horo da karramawa.