Alexander Fleming: Likitan da Ba Ya Yarda da Magani Sai Ya Gwada

A makaranta muna koya wa yara cewa Alexander Fleming ya gano penisilin ne bisa katari a 1928, da fumfuna ta fito a kan farantin gwajinsa. Gaskiya ne, amma ni a ganina aikin da ya yi kafin wannan ya fi bayyana ko wane ne shi.

An haife shi a 1881 a wata gona a yankin Ayrshire na Sikotilan, ya yi karatun likita a asibitin St Mary's da ke Landan. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana aiki a Boulogne ta Faransa, inda sojoji ke ta mutuwa saboda ruɓewar rauni. Masu jawo ruɓewar wasu ƙwayoyin cuta ne da ba sa son iskar oksijin, sai su shige can cikin lungunan nama. Likitoci kuwa sai zuba ruwan magani suke yi, suna ganin shi ke nan.

Fleming ya ce sai an gwada. Ya narka kwalbar gilashi, ya fitar mata da tsinaye kamar lungunan rauni, ya zuba ƙwayoyin cuta, ya wanke da maganin. Da ya sake zuba abincinsu, sai ga su sun dawo. Ashe maganin ba ya kai musu. Ya kuma nuna cewa yana kashe fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki.

Haka ya yi da penisilin. Ya yanka rami a farantin, ya zuba ruwan fumfunar, ya jera ƙwayoyin cuta iri-iri a gefe. Wasu suka kasa matsowa, wasu ko a jikinsu. Har yau ɗakunan gwaje-gwaje na amfani da irin wannan dabara, sai dai masu gudun oksijin a rufaffen wuri marar iskar ake renonsu.

A 1945 ya karɓi kyautar Nobel tare da Florey da Chain, ya kuma yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin su daina jinsa. Ya rasu a 1955. Jama'a, duk wanda ke sayen kafso biyu a tebur ya haɗiye ba gwaji, da shi ake.