Oumarou Ganda: Ɗan dakon da muryarsa ta buɗe masa ƙofar fim

Duk wanda ya zauna a Yamai ya san cibiyar al'adu ta CCOG, amma ba kowa ya san gwagwarmayar mai sunan ba.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935. Tun yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochine. Da ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya tafi ci-rani Abijan, inda ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Bafaranshe mai shirya fina-finai, Jean Rouch, wanda ya ba shi babbar rawa a fim ɗin Moi, un noir na 1958. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba. Daga baya Ganda ya ɗora muryarsa, yana ba da labarin talaucin ɗan ci-rani da kalamansa na kansa.

Bai tsaya ga yi wa wani wasa ba. Da ya komo Nijar, ya rubuta Cabascabo, labarin tsohon sojan da ƙawaye suka cinye kuɗinsa, ya shirya shi, kuma ya fito a ciki. A 1972, fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya lashe babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa.