Hassan Fathi: Masanin gine-ginen da ya gina wa talakawa gari suka ƙi tarewa

A yammacin Kogin Nilu, daura da birnin Luksor na ƙasar Masar, akwai wani ƙauye da ake kira Sabuwar Gurna. Wanda ya shiga cikinsa a yau zai tarar benayen siminti sun kewaye wani masallacin ƙasa mai ƙubba, da ɗan abin da ya rage na kasuwa da dandalin wasanni. Wannan shi ne ragowar aikin da ya fito da sunan Hassan Fathi a duniya, kuma shi ne aikin da ya fi ɓata masa rai a tsawon rayuwarsa. Gwamnati ce ta ba shi aikin, ofisoshinta suka yi ta jan ƙafa har ya tsaya, mutanen da aka yi dominsu kuma suka ƙi tarewa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Hassan Fathi a birnin Iskandariyya ranar 23 ga Maris, 1900, a gidan masu hali. Mahaifinsa yana da gonaki a karkara, amma ba ya son zuwa can, domin a ganinsa ƙauye matattarar ƙuda da sauro da gurɓataccen ruwa ce, har ya hana 'ya'yansa zuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a karkara, tana yawan ba shi labarin daɗin zaman can. Yaron ya tashi da sha'awar noma, ya nemi shiga makarantar koyon aikin gona, amma bai ci jarrabawar shiga ba. Daga nan ya koma fannin tsara gine-gine, ya kammala karatu a Alƙahira a 1926.

Karatun da aka yi masa na Turai ne zalla, kuma gine-ginen da ya fara zanawa sun bi wannan salo. Ya kama aiki a sashen gwamnati mai kula da harkokin birane, sannan daga 1930 ya fara koyarwa a makarantar koyon fasahar zane ta Alƙahira.

Aikin gwamnatin ne ya kai shi garin Talkha da ke arewacin Masar domin ginin wata makaranta. A kusa da garin akwai ɗaya daga cikin gonakin gidansu, sai ya leƙa. Abin da ya gani ya girgiza shi: manoman da ke noma wa iyayensa suna kwana a 'yan ɗakuna masu duhu, babu taga, babu makewayi, mutane da dabbobi a wuri guda. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta tsaya masa a rai, wato yadda manomin da ba shi da kuɗin siminti da rodi zai mallaki gida na mutunci.

Matsalar rufi

Fathi ya lura cewa bango ba ya gagarar talaka, domin ƙasar da zai buga tubali tana ƙarƙashin ƙafarsa. A wajen rufi ake samun cikas. Masar ba ta da dazuzzukan katako, sai an shigo da shi daga waje, ƙarfe kuma ya fi shi tsada. A 1937 ya baje kolin zanen gidajen tubalin ƙasa a birnin Mansura, amma kaɗan ne suka kula. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka daina samun katako da ƙarfe, sai maganar da aka yi wa dariya ta zama abin dubawa.

A 1941 wata ƙungiyar bunƙasa noma ta ba shi aikin gina gidan gona a Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya so ya rufe ɗakunan da tubali zalla, a lanƙwashe kamar baka, ba tare da katakon tallafi ba. Maginan suka gwada, rufin ya rufta. Wani ɗan'uwansa injiniya da ke aiki a madatsar ruwa ta Aswan ne ya ba shi labarin cewa mutanen Nubiya, a can kudancin ƙasar, suna yin irin wannan rufi tun kaka da kakanni.

Fathi ya niƙi gari ya tafi Aswan. A wani ƙauye da ke ƙetaren kogin ya ga gidaje dogaye, masu tsafta da ado, duk an rufe su da tubali. Ya ga irin rufin a tsohuwar maƙabartar Fatimiyawa da ke birnin, da wani tsohon gidan ibadar Kiristoci, daga bisani kuma a rumbunan hatsin da aka gina zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu a Luksor, waɗanda suka haura shekara 3,000 suna tsaye. Ya ɗauko magina daga can suka zo Bahtim suka rufe ɗakunan da suka gagara.

Dabarar ba ta da wahalar fahimta. Ana ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsawo, magini ya zana siffar baka a jikinsa da laka. Daga nan sai a riƙa jera tubali marasa nauyi, waɗanda aka cuɗa da daddatsen karan alkama, a jingine da bangon, kowane layi yana kwanciya a kan wanda ya gabace shi, har rufin ya kai ɗaya ƙarshen. Kayan aikin bai wuce hannu da gizago ba. Wanda ya san ɗaurin guga na sorayen ƙasar Hausa zai gane siffar, sai dai namu yana dogara da azara a cikin laka, na Nubiya kuwa tubalin ne ke riƙe kansa.

A kan wannan ya ɗora abin da ya koya daga tsofaffin gidajen Alƙahira: bango mai kauri da ke hana zafin rana shiga sai dare ya yi, da tsakar gida mai inuwa, da malƙaf, wato wata kafa a saman gini da ke fuskantar iskar arewa tana zuro ta cikin ɗaki, da tagogin katako masu ƙananan huji da ake kira mashrabiyya. Da waɗannan gida ke yin sanyi ba tare da wutar lantarki ba.

Bai jima ba ya ɗanɗana abin da ke jiransa. Ambaliya ta rushe wani ƙauye a kusa da Alƙahira, ya gina gida guda na gwaji a kan kuɗi kaɗan domin a gani. Kwamitin ƙungiyar agajin da ke kula da aikin ya zaɓi gidajen siminti masu tsada da nasu masanin ya zana, daga baya ma aka rushe gidan gwajin.

Aikin Gurna

Tsohuwar Gurna ƙauye ne na mutum kusan 7,000 da suka gina gidajensu a kan tsaunin da kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni suke. Wasunsu leburorin masu haƙar tarihi ne, wasu 'yan rakiyar baƙi, wasu kuma suna haƙa ta ƙarƙashin ɗakunansu suna sayar da abin da suka samu. Da aka sassaƙe wani zanen dutse sukutum aka sace, sai Hukumar Kula da Kayan Tarihi ta yanke shawarar tashin ƙauyen. An sayi fili mai faɗin eka 50 a cikin gonaki, nesa da tsaunin, aka damƙa wa Fathi aikin a 1945, musamman saboda arahar hanyarsa.

Shi kuwa ya ɗauki aikin a matsayin gwajin da za a maimaita a dukkan karkarar Masar. Ya ƙi yarda da gida iri ɗaya da za a jera kamar barikin soja. Ya tsara garin unguwa-unguwa bisa dangi, ya nemi zana wa kowane iyali gida daidai da yawansu da sana'arsu. Ya sanya masallaci, da kasuwa, da masaukin masu sana'o'in hannu, da makarantar maza da ta mata, da dandalin wasanni. Kududdufin da za a bari bayan ɗebo ƙasar tubali ya tsara a mayar da shi tafki mai tsafta domin yaƙar cutar tsargiya. Ya kuma shirya koya wa matasan ƙauyen gini da saƙa da ginin tukwane, don su samu abin dogaro idan sun rabu da kaburbura.

Cikas na farko daga ofis ya fito. Ƙa'idojin kashe kuɗin gwamnati an yi su ne domin ɗan kwangila, wanda zai karɓi aiki a dunƙule ya miƙa takardar biya. Aikin da za a ɗauki mutanen gari kai-tsaye su gina da hannunsu bai da gurbi a cikinsu. Sayen karan alkama, wanda manomi ke yi a yini guda, sai da ya bi tebur-tebur na tsawon watanni, aikin buga tubali yana tsaye. Kuɗin leburori yakan makara, lokacin gini ya wuce ana jiran sa hannu. A 1947 kuma annobar kwalara ta afka wa ƙasar.

Cikas na biyu ya fi na farko zurfi. Mutanen Gurna ba su nemi a tashe su ba. Abincinsu yana kan tsauni, sabon garin kuma ba shi da gonakin da za su ishe su. Da Fathi ya zauna da magidanta yana tambayarsu irin gidan da suke so, ba su ba shi haɗin kai sosai ba, domin amsa tambayar tamkar amincewa da tashin ne. Wasu sun ƙyamaci kwana a ƙarƙashin ƙubba, wadda a yankinsu an fi saninta a kan kaburbura. Wata rana jingar da ke tare ruwan ambaliya ta ɓalle, ruwa ya malale sabon garin, Fathi kuma ya haƙiƙance cewa da gangan aka huda ta. A 1948 aikin ya tsaya, an gina kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tsara.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fathi ya fi duk takwarorinsa na zamanin ƙoƙarin sauraron talaka, amma an riga an yanke hukuncin tashin a Alƙahira kafin a aiko shi, kuma kyan zane bai isa ya goge wannan ba.

Bayan Gurna

Daga 1949 zuwa 1952 ya shugabanci sashen gina makarantu a Ma'aikatar Ilimi. Ya gina makarantar tubali a ƙauyen Faris, amma kamar yadda ya ba da labari da kansa, wani babban jami'i ya kai rahoton kuɗin da ya ninka abin da aka kashe a zahiri, aka ɗauka hanyar tasa tsada ce da ita. Takaici ya sa ya bar Masar a 1957 zuwa Atina ta ƙasar Girka, inda ya yi aiki da kamfanin masanin tsara birane Doxiadis, ciki har da shirin gidaje na ƙasar Iraƙi.

Bayan dawowarsa a farkon shekarun 1960 aka ba shi aikin wani sabon gari, Baris, a dausayin Kharga cikin hamada. An gina kasuwa mai ɗakunan ajiyar amfanin gona a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda iska kaɗai ke sanyaya su. Yaƙin 1967 tsakanin Larabawa da Isra'ila ya tsayar da aikin, ba a sake komawa kansa ba.

Abin da gini ya kasa yi masa, rubutu ya yi. A 1969 ya wallafa labarin Gurna a Alƙahira, a 1973 kuma Jami'ar Chicago ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor, wato tsarin gini domin talaka. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa tsohon gidan da yake zaune a Darb al-Labbana, kusa da ganuwar Salahuddin. A 1980 kaɗai ya karɓi lambar yabo ta musamman ta Aga Khan, da ta Balzan, da ta Right Livelihood a shekarar da aka fara bayar da ita. A lokacin ne kuma, yana da shekara 80, ya tafi da magina 'yan Nubiya jihar New Mexico ta Amurka, suka gina masallacin ƙasa na Dar al-Islam a Abiquiu.

Sai dai akasarin gidajen da ya kammala a ƙarshen rayuwarsa na attajirai ne, a Masar da Saudiyya da Kuwait. Masu kuɗi sun ga kyan ƙubba da sanyin tsakar gida sun biya, talakan da aka yi dabarar dominsa kuwa burinsa bulo da siminti, domin a idonsa ginin ƙasa alamar talauci ce. Ita kanta lakar ta yi wuya bayan da babbar madatsar Aswan ta hana Nilu kawo sabuwar laka kowace shekara, abin da ya sa Fathi ya koma amfani da dutse a ayyukansa na baya-baya.

Hassan Fathi ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga Nuwamba, 1989, yana da shekara 89, bai bar ɗa ko 'ya ba. Ya bar zanen ayyuka kusan 160, da almajirai irin su Abdulwahid al-Wakil, wanda ya gina masallatai da dama a Saudiyya, ciki har da sabon ginin masallacin Ƙuba a Madina.

Mutanen Tsohuwar Gurna sun ci gaba da zama a kan tsauninsu har ƙarshen 2006, lokacin da gwamnati ta fara rushe gidajen da katafila tana mayar da su wani sabon matsuguni, kusan shekara 60 bayan yunƙurin farko. Sabuwar Gurna kuwa wasu mutane ne suka cika ta sannu a hankali. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da rashin magudanai sun cinye gindin gine-gine da yawa, mazauna suka rushe wasu suka ɗora benaye. A 2009 hukumar UNESCO ta fara shirin ceto abin da ya rage, kuma har yanzu ana salla a masallacin.