Likita Lambo, Wanda Ya Kwance Mutane Daga Turu

Ba wanda ya saba cin kasuwar Gusau ko Tsafe ko Bungudu da bai taɓa ganin yara suna bin mahaukaci da jifa ba. Wani kuwa danginsa sun sa shi a turu a bayan gida, don kada a ce akwai hauka a zuriyarsu 'yan matansu su rasa miji. Ga labarin wani ɗan ƙasarmu da ya ƙi yarda da wannan.

Sunansa Thomas Adeoye Lambo, Bayarabe ne. An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya yi makarantar Baptist ta garinsu, sa'an nan ya tafi Ingila ya koyi aikin likita a Birmingham. Daga baya ya tafi London ya ƙware a kan ciwon taɓin hankali.

A zamanin nan, in mutum ya taɓu, sai a kai shi kurkuku tare da ɓarayi, ko a kulle shi a gidan mahaukata na Yaba a Ikko. Da Lambo ya komo gida a 1954, aka ba shi asibitin Aro kusa da Abeokuta. Ginin bai ma ƙare ba tukuna.

To, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyuka huɗu na kewaye, ya roƙe su su saukar da marasa lafiya a cikin gidajensu. Ku duba nauyin wannan roƙo! Wanene cikinmu zai ba mahaukacin da bai sani ba ɗaki kusa da 'ya'yansa? Da fari sun ji tsoro, amma suka yarda. Kowane mara lafiya yakan zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci da yi masa wanki. Da safe ya tafi asibiti a ba shi magani, da yamma ya komo ƙauye, ya ci tuwo cikin mutane, ya je kasuwa. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, aka kuma kawo musu ruwan famfo.

Ashe mutum yakan fi saurin samun sauƙi in ana kiransa da sunansa. Da yawa suka koma garuruwansu, kuma mutanen ƙauyukan suka gani da idonsu cewa ciwo ne kamar sauran, yana jin magani.

Akwai abu ɗaya da ni mai rubutu ban sake jiki da shi ba, wato ya jawo waɗansu bokaye cikin aikin, domin mutane sun amince da su. Amma kada mu yi saurin yanke masa hukunci, gama mu ma a ikilisiya mukan kira kowane taɓin hankali aljannu, mu yi ta addu'a a kan mutum mu hana shi asibiti, alhali akwai asibitin wannan ciwo a Kware kusa da Sakkwato, da wani a Kaduna.

A 1961 likitocin Afirka masu wannan aiki suka yi babban taronsu na fari a Abeokuta. Lambo ya shugabanci Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya har 1988. Ya rasu a 2004, yana da shekara 80. Asibitin Aro yana nan yana karɓar marasa lafiya har wa yau.