Rose Hawthorne, matar da ta karɓi waɗanda asibiti ya sallama

A birnin New York na ƙasar Amurka, wajen shekara ta 1890, idan likita ya tabbatar cewa ciwon dajin matalauci ba zai warke ba, sai a sallame shi a ba wani gadon. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka ciwon yana yaɗuwa kamar annoba, saboda haka mai gidan haya yakan kore shi, dangi ma su ja da baya. Wurin da ya rage masa shi ne gidan gajiyayyu na tsibirin Blackwell, inda zai jira ajalinsa. Irin waɗannan mutane ne Rose Hawthorne ta ba shekaru talatin na ƙarshen ranta.

An haife ta ranar 20 ga Mayu, 1851, a garin Lenox na jihar Massachusetts. Ita ce autar Nathaniel Hawthorne, shahararren marubucin Amurka. Ta yi ƙuruciyarta tsakanin Ingila da Italiya, cikin littattafai da manyan mutane. A 1871 ta auri George Lathrop a Landan, Allah ya ba su ɗa guda, Francis. Yaron bai cika shekara biyar ba cutar mashaƙo ta ɗauke shi a 1881, wannan cutar da muka sha fama da ita a Arewa a 'yan shekarun nan. George kuma shan giya ya fi ƙarfinsa. Su biyun sun shiga ɗarikar Katolika a 1891, amma gidan bai gyaru ba, har a 1895 ta bar zama da shi da izinin ikilisiya. Ba ta sake aure ba.

Abu biyu ya ja hankalinta ga masu ciwon daji. Ƙawarta Emma Lazarus, mai rubuta waƙa, ta mutu da ciwon a 1887, amma ita 'yar masu hali ce, ta sami masu jinya har ƙarshe. Sai kuma Rose ta ji labarin wata matalauciya mai ɗinki da ciwon ya kama, aka kai ta tsibirin nan ta mutu ba kowa nata a kusa. Ciwo iri ɗaya ne, kuɗi ne kawai ya raba mutuwar tasu.

A 1896, tana da shekara 45, ta shiga Asibitin Ciwon Daji na New York ta yi wata uku tana koyon wanke miki da ɗaure shi. Daga nan ta kama hayar 'yan ɗakuna a titin Scammel, cikin unguwar talakawa. Da fari tana bin marasa lafiya gida gida, daga baya ta fara kwantar da su a ɗakinta. Mu tuna, a zamanin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Miki yakan ruɓe ya yi ɗoyi, har mai shi ya ji kunyar kansa. Wata matashiya mai zane, Alice Huber, ta zo ta taya ta, ta kuma zauna ke nan. A 1899 suka buɗe gidan jinya na kyauta a titin Cherry, suka sa masa sunan Rose ta Lima, tsarkakkiyar ƙasar Peru.

Bayan rasuwar mijinta a 1898 hanya ta buɗe mata ta yi alkawarin zaman sista. Ranar 8 ga Disamba, 1900, aka kafa ƙungiyarsu a ƙarƙashin 'yan Dominikan, ita kuma ta ɗauki suna Uwa Alphonsa. Shekara ta gaba suka buɗe gida na biyu, Rosary Hill, a bayan gari.

Ƙa'idodin da ta kafa sun isa a tsaya a kansu. Ba a karɓar ko sisin kwabo daga majiyyaci ko danginsa. Ba a yarda likita ya yi gwaje-gwaje a jikin wanda ya riga ya kusa tafiya ba. Mai jinya kuma ba ta da izinin nuna ƙyama a fuskarta, komai munin mikin. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi wuya, a ganinmu, domin hannu yana iya yin aiki alhali fuska tana faɗin abin da ke zuci. Bisharar Markus ta nuna mana Ubangiji Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu tun kuturtar tana jikinsa. Kuɗin aikin kuwa da alƙalami ta roƙe shi, ta hanyar wasiƙu a jaridu da wata 'yar mujalla da take bugawa. Marubuci Mark Twain yana cikin waɗanda suka taimaka.

Tsoron da ta yaƙa bai mutu ba tukuna. A cikin ikilisiyoyinmu akwai mata masu ɓoye ƙullutun mama har sai ya fashe, don gudun a ce jifa ne ko maita. Ba a ɗaukar ciwon daji ta gaisawa, ko cin abinci tare, ko wanke majiyyaci. Wani irinsa yana bin jini, gaskiya ne. Tun 1994 masana suka gano ƙwayar gado ta farko mai ƙara hatsarin sankarar mama. Amma irin na gado kaɗan ne a cikin duka. Gidan da uwa da 'yarta ko 'yan'uwa biyu suka yi shi, likita ya kamata su gaya wa, 'yan matan gidan su riƙa zuwa gwaji da wuri. Kada a kira shi la'ana, kada kuma a fasa aurensu saboda shi.

Uwa Alphonsa ta rasu cikin barci a Rosary Hill ranar 9 ga Yuli, 1926, tana da shekara 75. Alice Huber ta gaje ta a shugabanci. Gidan yana nan a garin da yanzu ake kira Hawthorne, sistocin suna karɓar masu ciwon dajin da ba ya warkewa, kowane addini suke bi, kuma har yau ba a ba dangi takardar biyan kuɗi.