TARIHI: Ɗan Maraya Jos da wahalar tsirkiya ɗaya

A Kasuwar Bodija da ke Ibadan, wadda aka buɗe a 1987, manyan motocin da ke kawo wake da albasa da tattasai daga Arewa kan iso da ƙurar doguwar hanya a jikinsu. Wanda ke fara dirowa ba direba ba ne, yaron mota ne, wanda a da aka fi kira karen mota. Shi ke sa weji a ƙarƙashin taya, shi ke kwance igiya ya yaye tamfol, shi ke kwana a kan kaya idan direba ya nufi masauki a unguwar Sabo. Ba shi da sarauta, ba shi da rigar da zai tuɓe ya ba maroƙi. Amma yana da waƙa tasa ta kansa, wadda ta girmi kasuwar ma, kuma ita ce waƙar da ta fara fito da sunan Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos.

An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Bukuru da Sabo ta Ibadan 'yan uwan juna ne ta wata fuska, domin duka biyu mazaunan Hausawa ne da neman abinci ya fitar da su daga gida. Fataucin goro da shanu ne ya kafa Sabo a 1916. Ita kuwa Bukuru haƙar kuza ce ta cika ta da leburori da 'yan tireda da mahauta da masu sayar da abinci, musamman bayan da layin dogo daga Zariya ya iso a 1914. Duk inda Hausawa suka taru haka sukan naɗa Sarkin Hausawa, kuma sarki ba ya zama ba makaɗi. Mahaifin Adamu makaɗin fadar Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron, mahaifiyar ma ta bi shi tun Adamu yana jariri. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan ya samo asali, kuma bai taɓa neman ya rabu da shi ba.

Kafin a gane abin da wannan maraici ya raba shi da shi, sai an duba yadda ake koyon kiɗa a ƙasar Hausa. Galibi gado ne. Ɗan makaɗi yakan tashi da sautin ganga a kunnensa tun yana goye. Da ya yi wayo sai a ɗora masa ɗaukar kaya, daga nan a miƙa masa ƙaramar ganga irin kanzagi, wadda aikinta kawai ta riƙe bugu ɗaya ba ta kauce ba. Sai ya shekara da shekaru yana wannan, yana kuma cikin 'yan amshi, kafin a yarda ya taɓa babbar ganga. Idan ya yi kuskure, kiɗan manya zai rufe shi a bainar jama'a, gyara kuma ya biyo baya a gida, wani lokaci da rankwashi. Haka Musa Ɗanƙwairo ya taso a hannun mahaifinsa da yayansa. Ko Mamman Shata, wanda bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, yana da makaɗan kalangu a bayansa da ke ɗauke masa nauyin kiɗa, shi kuma ya ji da baki.

Adamu ya gaji jini amma bai gaji makaranta ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai wannan ɗan barewa bai ga gudun uban da idonsa ba. Abin da ya samu shi ne raɓar makaɗan gari, yana kallo yana saurare. Tun bai balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri. A wancan zamani jirgin ƙasa bai kai can ba, sai a 1964, saboda haka hanyar ta mota ce, ta Bauci da Fataskum da Damaturu. A Maiduguri ya ga makaɗan da suka burge shi, har ya zauna ya haɗa wa kansa kuntigi. Da wannan ɗan abu ya yi sana'a har ƙarshen rayuwarsa.

Wanda bai taɓa riƙe kuntigi ba zai iya raina shi. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, an rufe bakinsa da fatar akuya, an zura sanda ta zama wuya, an ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Yaro ma zai iya haɗa shi, kamar yadda Adamu ya yi. Haɗawar ce mai sauƙi. Fiyano yana da maɓallai a jere, kowanne da muryarsa a ajiye, ko akuya ta taka zai yi ƙara daidai. Jita tana da ƙarafuna a gicciye a wuyanta da ke nuna wa yatsa inda zai tsaya. Wuyan kuntigi kuwa sumul yake, babu alama ko ɗaya. Kowace murya sai an nemo ta da yatsa, kunne ne kaɗai alƙali, kuma kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba ta isa ta ɓata sauti. Mai koyo yakan yi makonni yana jin cewa abin da ke fita ba shi ne abin da ke cikin kansa ba, bai kuma san ko yatsa zai matsar gaba ko baya ba. Kan yatsun yakan yi zafi, ya yi ƙuna, kafin ya yi kanta.

Shi kansa kayan kiɗan ba ya zama wuri ɗaya. Fata tana saki da damina, tana ɗaurewa da hunturu, kuma duk wanda ya san sanyi da ruwan saman Jos ya san abin da ake nufi. Wurin da yatsa ya sami murya jiya, yau yana iya gocewa. Ɗan gado yana da uban da zai karɓi abin ya ja tsirkiya ya miƙo masa. Wanda ba shi da wannan gata sai ya koyi gyara da kiɗa a lokaci guda.

Duk wannan somin taɓi ne. Babbar wahalar tana zuwa ne ranar da aka buɗe baki. Mai kuntigi shi kaɗai yake tsayawa, ba 'yan amshi, ba makaɗi a gefe. Hannunsa na dama yana maimaita wani gajeren zubi na kiɗa da sauri, ba tsayawa, bakinsa kuma yana tafiya da magana wadda tsawonta da numfashinta daban ne. Kusan kowane sabon shiga yakan tarar cewa da ya fara waƙa hannu ya tsaya, da ya koma kan hannu baiti ya gudu. Ga kuma sharaɗin da harshen Hausa ya gindaya. Hausa tana da karin sauti, hawa da sauka da faɗuwa, kuma da shi ake rarrabe kukan yaro da kukar miya. Mawaƙin da ya murɗe kari don ya dace da kiɗa zai faɗi abin da bai yi niyya ba. Dabarar masu kuntigi, wadda Ɗan Maraya ya ƙware a kai, ita ce a tsakanin baitoci su riƙe zubin waƙar yadda yake, idan kuwa suna rerawa sai su riƙa sauya muryoyin zubin suna bin hawa da saukar bakinsu. Wato tsirkiya ɗaya tana aikin ganga, tana kuma aikin ɗan amshi. Wanda ya saurari faifansa da kyau zai ji kamar mutum biyu ne ke hira, alhali ɗaya ne da gwangwani.

A nan ne maraici da kayan kiɗa suka dace da juna. Kotso da taushi da tambari na fada ne, suna buƙatar ƙungiya, ƙungiya kuma tana buƙatar ubangidan da zai ciyar da ita. Kuntigi ba ya cin abinci. Ana rataya shi a shiga tasha, a shiga kasuwa, a hau bayan mota. Muryarsa siririya ce, ba ta cika filin hawan salla, amma tana isar da'irar mutum ashirin da suka tsaya a gindin inuwa. Saboda haka masu sauraronsa na farko su ne mutanen tasha da kasuwa, kuma su ya fara yi wa waƙa. Ya yabi manya a rayuwarsa kamar kowane mawaƙi, sai dai abin da aka fi riƙewa nasa shi ne yadda ya ɗauki yabon da aka saba keɓe wa masu rawani ya kai shi ga karen mota da sauran masu ƙananan sana'o'i.

Da hannu ya nuna, sai ya sami sararin yin abin da ya fi kiɗa. A Jawabin Aure ya jera illolin saki, ya ja hankalin ma'aurata su sasanta. A Auren Dole ya soki iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so. A Mai Akwai da Babu ya auna mai hali da talaka. Gulma Wuya kuwa wasan kwaikwayo ne sukutum, labarin magulmaciyar unguwa da ke haɗa baki da boka tana kashe aure, inda yake sauya murya ya zama wannan ya zama waccan, tsirkiya kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutum ba ya iya wannan sai hannunsa ya daina neman izini daga kansa, abin da ba ya samuwa sai da maimaici na shekaru wanda babu mai tafa masa.

A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana zana fagen daga kamar mai ba da rahoto. Rediyo da faifai da kaset suka kai muryarsa duk inda Bahaushe ya yi zango, daga Sabo ta Ibadan har Kumasi. Ya fita ƙasashen waje da kuntiginsa, ya sami lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Bai ƙara wa abin tsirkiya ta biyu ba.

A gidajen ma'aikata da dama a Abuja akwai ƙaramin fiyano ko jita da aka saya wa yaro da ɗoki, aka ɗauko malami, bayan 'yan watanni abin ya koma saman kabad yana shan ƙura. Iyaye sukan yanke hukuncin cewa yaron ba shi da baiwa. Sau da yawa hukuncin yana zuwa da wuri, domin lokacin da sauti ke fita da muni, yatsa ke ciwo, hannu da baki ke gardama, mataki ne da kowane makaɗi ya bi ta kansa, har da 'ya'yan gado. Bambancin shi ne ɗan ma'aikaci yana da zaɓin ya ajiye, shi kuwa yaron Bukuru abincinsa ne a cikin gwangwanin. A ɗakunan haɗa waƙa na Kano da Kaduna ma yanzu na'ura ke fitar da yawancin kiɗan da ake ji a finafinai da bukukuwa, kuma matasan da ke zama su koyi kuntigi ko gurmi ko kukuma da yatsunsu ba su da yawa.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan azumi, bayan ya yi jinya. A Jos ɗin aka yi masa sutura, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Bukuru inda Sarkin Hausawa ya ɗauke shi yana jariri.