TUNAWA DA MAZAN JIYA: MAKAƊA IBRAHIM NARAMBAƊA TUBALI

A wannan fitowa na ga ya dace in yi mana tuni da marigayi Ibrahim Narambaɗa Tubali, mutumin da da yawanmu muka fara jin sunansa a darasin adabin Hausa, muka kuma riƙa jin muryarsa a gidan rediyon Kaduna.

Kafin in shiga tarihinsa, ya kamata mu tuna irin ƙasar da ta haife shi. Tsohon lardin Sakkwato, wanda yanzu ya rabu gida uku, wato Sakkwato da Kabi da Zamfara, Allah ya yi masa baiwar makaɗa ta yadda kusan kowane rukunin jama'a yana da nasa. Sarakuna suna da Salihu Jankiɗi mai taushi a fadar Sarkin Musulmi, da Aliyu Ɗandawo, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991. 'Yan dambe suna da Ɗan'anace wanda ya fito da sunan Shago. 'Yan tauri da mafarauta suna da Kassu Zurmi, manoma suna da Maidaji Sabon Birni. Kai, har ɓarayi sai da suka sami Gambu, kafin daga baya ya tuba. To, a cikin wannan taron gwanaye ne Narambaɗa ya yi zarra.

An haife shi a ƙauyen Tubali, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara a yau. Mahaifinsa Maidangwale ya fito ne daga Filinge ta ƙasar Nijar, kuma shi ba makaɗi ba ne. Kiɗa ta wajen mahaifiyarsa Riba ya zo masa, domin kotson kakansa na wajen uwa ya ɗauka. An ce laƙabinsa ya samo asali ne daga wata karyarsa mai suna Rambaɗa, aka riƙa ce masa na Rambaɗa har sunan ya bi shi.

Da waƙoƙin noma ya fara, yana zuga samari a fagen gayya. Sannu a hankali ya koma waƙar masu sarauta, har ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A nan ne ya yi mafi yawan waƙoƙin da aka san shi da su. Ya wasa ubangidansa, ya jero asalinsa da kakanninsa, ya yi wa masu ja da shi zambo da habaici mai zafi. Hatta dokin Sarki, Ɗanfilinge, sai da ya sami waƙa tasa ta kansa, wadda har gobe ake ji.

Abin da ya bambanta shi da sauran, a ganina, shi ne zurfin tunani. Narambaɗa yakan ɗauki abin da kowa yake gani kullum, kamar gulbi da tabki, ko giwa da ƙananan namun daji, ya gina magana a kai wadda dattijo zai kwana yana juyawa a zuci. Yana jan baki, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa, kotso kuwa yana tafiya a hankali don kada ya danne magana. Duk cikin Sakkwatanci tsantsa yake yi, shi ya sa wasunmu da suka fito daga gabas sai da malam ya warware mana kalmomi kafin mu gane inda aka dosa. Waƙarsa da ya kira Bakandamiya, inda ya baje kolin gwanintarsa, ta yi ƙarfin da yanzu duk waƙar da ta fi fice a wurin kowane mawaƙi akan ce ita ce bakandamiyarsa.

Allah ya yi masa rasuwa a farkon shekarun 1960. Bayansa masana sun yi ta nazarin waƙoƙinsa a jami'o'inmu, cikinsu har da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza wanda ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009.

Sai dai akwai abin damuwa. Abin da aka ɗauka na muryarsa bai kai yawan abin da ya rera ba, sauran yana kan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ga kuma rashin zaman lafiyar da ya addabi yankin Isa da Shinkafi, ya tarwatsa mutane da dama daga garuruwansu. Saboda haka nake kira ga wannan ƙungiya tamu, duk mai tsohon kaset ko faifai na Narambaɗa da takwarorinsa ya fito da shi, a kwafe a kwamfuta, a ajiye a ɗakin karatun makarantarmu domin ƙannenmu da 'ya'yanmu.

Allah ya jiƙan Narambaɗa da sauran magabata, ya gafarta wa malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.